Darasin Wannan Wata: Kuskure Idan Ya Daɗe Sai a Ɗauke Shi Daidai

Mutanen ƙasar Sin suna da wata karin magana mai kalmomi huɗu kacal. Da harshensu suna cewa: ji fei cheng shi. Ana furta ta kamar haka: ji fei cang shi. Ma'anarta da Hausa ita ce, kuskure idan ya taru ya daɗe, sai mutane su ɗauke shi daidai.

Ga ma'anar kalmomin ɗaya bayan ɗaya:

Ji, wato tarawa.
Fei, wato abin da ba daidai ba.
Cheng, wato zama ko komawa.
Shi, wato abin da yake daidai.

Sinawa suna faɗin wannan magana ne don gargaɗi. Suna nufin cewa daɗewar abu ba ta mai da shi gaskiya. Yawan masu faɗinsa ma ba ya mai da shi gaskiya. Abin da ke faruwa shi ne, ido ya saba da shi, kunne ya saba da shi, har a daina tambaya. Hausawa ma sun san wannan hali, shi ya sa suka ce sabo turken wawa.

ASALIN MAGANAR

Ana jingina wannan karin magana ga wani malamin ƙasar Sin mai suna Dai Zhen. An haife shi a shekarar 1724, ya rasu a 1777. Ya yi amfani da ita ne yayin da yake kukan halin masu karatu na zamaninsa. A ganinsa, sun yi nisa da malaman farko, sai kowa ya riƙe abin da ya saba ji, ba tare da bincike ba.

Akwai labarin da ake bayarwa game da yarintarsa. Yana ɗan shekara 10 malaminsa yana koya masa wani tsohon littafi. Malam ya ce masa maganganun da ke ciki na Konfushiyas ne, wato babban malamin Sinawa na zamanin da. Yaro ya tambaya, ta yaya aka san haka? Malam ya ce wani mashahurin malami mai suna Zhu Xi ne ya faɗa. Yaro ya sake tambaya, shekara nawa ne tsakanin Konfushiyas da Zhu Xi? Malam ya ce kusan shekara 2,000. Sai yaro ya ce, to shi Zhu Xi ta yaya ya sani? Malam ya rasa amsa. Maimakon ya yi fushi, sai ya ce lallai wannan yaro ba kamar sauran yara ba ne.

Dai Zhen bai raina malaminsa ba. Bai ce littafin ƙarya ne ba. Tambaya kawai ya yi, yana son ya san inda maganar ta samo tushe. A kan wannan hanya ya yi duk rayuwarsa ta karatu.

Tun kafin zamaninsa Sinawa suna da wata magana mai kama da wannan: xi fei cheng shi. Kalmar farko ce kawai ta bambanta, ita kuwa ma'anarta sabo. An samo ta daga koyarwar wani malami mai suna Yang Xiong, wanda ya rayu kimanin shekara 2,000 da suka wuce. Wannan ya nuna cewa matsalar tsohuwa ce.

YADDA KUSKURE YAKE FARAWA

Kuskure yakan shigo ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce kunne. Ta biyu ita ce alƙalami. Akwai labarai biyu da suka nuna haka. Dukansu suna cikin wani tsohon littafin Sinawa mai suna Lushi Chunqiu, wanda aka haɗa wajen shekara 239 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam.

Labari na farko na rijiya ne. A ƙasar Song akwai wani gida na mutanen da ake kira Ding. Ba su da rijiya. Kullum sai sun ware mutum guda, aikinsa ke nan ɗebo ruwa daga nesa. Ran nan suka haƙa rijiya a cikin gida. Maigidan ya yi murna, ya ce wa mutane ya haƙa rijiya ya samu mutum guda.

Wani ya ji, ya kai gaba. Ya ce mutanen Ding sun haƙa rijiya sun tono mutum a ciki. Kafin a ce me, magana ta cika gari. Kowa yana faɗi, har ta kai kunnen sarki. Sarki bai yarda nan take ba. Ya aika a tambayi maigidan. Maigida ya ce shi bai tono kowa ba. Abin da yake nufi shi ne, wanda da yake ɗebo ruwa yanzu ya samu sukunin yin wani aiki, ka ga gida ya ƙaru da hannun mutum guda.

Da sarki bai aika ba, da labarin ya zauna. Jikoki za su taso su ji an taɓa tono mutum a rijiya, har su nuna wa baƙi wurin.

Labari na biyu na rubutu ne. Rubutun Sinawa ba irin na boko ko na ajami ba ne. Ba su da baƙaƙe 'yan kaɗan da ake harhaɗawa. Suna da alamomi dubbai, kusan kowace da ma'anarta. A dokar yaƙi da jahilci da suka kafa a 1988, sai manomi ya san alamomi 1,500 kafin a ce ya iya karatu. Wasu alamomin kuwa sun yi kama da juna ƙwarai. A zamanin da, da hannu ake kwafar littattafai. Idan mai kwafa ya gaji, ko fitila ta yi rauni, sai ya rubuta wata alama a madadin wata.

Wani almajirin Konfushiyas mai suna Zixia yana kan hanyarsa ta zuwa ƙasar Jin. Ya yada zango a ƙasar Wei. Nan ya ji wani yana karanta littafin tarihi. Mai karatun ya karanta cewa rundunar Jin, aladu uku, sun haye kogi. Zixia ya ce a'a, wannan ba daidai ba ne. Me ya haɗa rundunar yaƙi da aladu uku?

Ya yi bayani. Sinawa suna da sunayen ranaku guda 60 da suke zagayowa. Ɗaya daga ciki sunanta jihai. Alamomi biyu da ake rubuta jihai da su sun yi kama da alamar uku da alamar alade. Don haka abin da aka rubuta tun farko shi ne, rundunar Jin ta haye kogi ranar jihai. Zixia bai tsaya a kan zatonsa ba. Da ya isa ƙasar Jin sai ya tambaya, aka tabbatar masa haka ne.

Mai koyon rubutun Hausa zai gane wannan da sauri. Idan aka manta da lanƙwasar da ke kan harafi, baƙi sai su koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɓari ya koma bari. Ɗan ƙaramin abu ne, amma yakan juya magana gaba ɗaya.

Irin waɗannan kurakurai sun yi yawa a littattafan Sinawa, har hukuma ta tashi tsaye. A shekarar 175 wani malami mai suna Cai Yong da abokansa suka roƙi sarki ya yarda a tace manyan littattafan karatu. Aka tace su, aka sassaƙa su a jikin manyan duwatsu 46. An gama aikin a 183. Aka kafa duwatsun a ƙofar babbar makarantar birnin Luoyang. Duk mai shakka a kan littafinsa sai ya je ya gwada da abin da ke jikin dutse.

YADDA KUSKURE YAKE GIRMA

Ranar da aka fara kuskure, gyara shi ba wuya. Wahalar tana zuwa ne bayan ya daɗe. Abubuwa uku ne suke ciyar da shi.

Na farko, maimaitawa. Abin da kunne ya ji sau ɗari yakan zauna a zuciya kamar an gani da ido.

Na biyu, girman mai faɗa. Idan magana ta fito daga bakin babba, ko aka gan ta a littafi, mutane sukan ji nauyin tambaya.

Na uku, tsoron fita daban. Ko mutum ya ga alamar kuskure, yakan yi shiru don kada a yi masa dariya.

Ga misali na kusa. A ƙasar Sin akwai wata ganuwa mai tsawon gaske, ana kiranta Babbar Ganuwa. Awon da aka bayyana a 2012 ya nuna cewa idan aka haɗa dukkan sassanta, tsawonta ya wuce kilomita 21,000. An daɗe ana cewa ko daga duniyar wata ana iya hango ta. Wani Bature ɗan Ingila ya rubuta haka tun a 1754. A lokacin ko jirgin sama ba a ƙera ba. Sai a 1961 ne ɗan Adam ya fara zuwa sararin samaniya. Ke nan wanda ya fara faɗin maganar bai gani ba, zato ya yi.

Duk da haka maganar ta bazu a duniya. Irinta ta shiga har littafin karatun yara a ƙasar Sin. A watan Oktoba na 2003 Yang Liwei ya zama mutum na farko da ƙasar Sin ta aika sararin samaniya da kumbonta. Ya kewaya duniya sau 14. Da ya sauko aka tambaye shi ko ya ga ganuwar. Ya ce bai gan ta ba. Mutane da yawa ba su ji daɗi ba, amma ya faɗi abin da ya sani.

Dalilin a fili yake. Ganuwar doguwa ce, amma siririya ce. Faɗinta 'yan mitoci ne, launinta kuma irin na ƙasar da ke kewaye da ita. Wata kuwa yana da nisan kilomita 384,000. Hango ganuwar daga can kamar mutum ne ya ce zai hango silin gashi guda daga nisan kilomita 3. Shekara wajen 250 ana maimaita maganar, amma ganuwar ba ta ƙara faɗi ko da taƙi ɗaya ba.

KUSKURE IRI BIYU NE

A nan akwai abin lura. Ba kowane tsohon kuskure ne yake cutarwa ba.

Iri na farko shi ne na harshe. Harshe yarjejeniya ce tsakanin masu magana da shi. Idan kowa ya koma furta kalma ta wata hanya, kuma ana fahimtar juna, to sabuwar hanyar ta zauna. Sinawa suna da wata kalma da ake faɗa wa abu sandararre marar armashi. Tsofaffin ƙamus sun ce a furta ta ai ban. Amma yawancin jama'a dai ban suke cewa. A 1985 hukumar da ke kula da harshe ta amince da furucin jama'a. Abin da malami yake ja wa jan layi jiya, yau shi ne daidai. Babu wanda ya yi ciwo saboda haka. Hausa ma haka take. Kalmomin asibiti da tebur da kwabo daga Turanci aka aro su. Bature ba haka yake furta su ba, amma a Hausa su ne daidai.

Iri na biyu shi ne wanda ya shafi jiki, da lafiya, da yadda halitta take. Wannan ba ya bin ra'ayin jama'a. Ko duk gari sun taru sun ce guba magani ce, wanda ya sha zai ji a jikinsa. A irin wannan ne gargaɗin Sinawa ya fi ƙarfi, domin sun ɗanɗana kuɗarsa.

ƊAURE ƘAFAR 'YAN MATA

Wajen shekara 1,000 da suka wuce wata al'ada ta ɓullo a fadar sarakunan Sin. Aka ce ƙaramar ƙafa ita ce kyan mace. Daga fada abin ya shiga gidajen masu kuɗi. Daga nan ya gangara har ƙauyuka.

Tun yarinya tana 'yar shekara 5 ko 6 ake farawa. A lanƙwasa 'yan yatsunta huɗu zuwa ƙarƙashin tafin ƙafa, a bar babban yatsa. A naɗe ƙafar tamau da dogon ƙyalle. Kullum ana ƙara matsewa, har ƙasusuwa su karye su tanƙware. Burin shi ne ƙafar babbar mace kada ta wuce santimita 10. Har suna mai daɗi aka ba irin wannan ƙafa, wai furen bado na zinariya.

Yarinya takan yi shekaru tana kuka. Wasu ƙafar takan ruɓe. Wasu sukan mutu. Wadda ta rayu ba ta iya doguwar tafiya, ba ta iya gudu ko da gobara ta tashi.

Abin tambaya shi ne, su wa suke ɗaurewar? Uwaye ne da kakanni, masu son 'ya'yansu. Su ma haka aka yi musu. Sun taso sun ga yarinya mai cikakkiyar ƙafa ba ta samun mijin kirki. A idonsu, uwar da ta ƙi ɗaurewa ita ce marar tausayi. Lafiyayyar ƙafa ta zama abin kunya, karyayya ta zama abin yabo. Ma'anar karin maganar ke nan a aikace.

Alhali hujja tana kusa da su. Matan ƙabilar Manchu ba sa ɗaure ƙafa. Matan Hakka ma galibi ba sa yi. Suna aure, suna haihuwa, suna aikinsu lafiya lau.

A 1664 sarki ya hana al'adar, amma bayan shekara 4 aka janye dokar, domin jama'a ba su bi ba. A ƙarshen ƙarni na 19 sai wasu suka ɓullo da dabara. Suka kafa ƙungiyoyi. Duk wanda ya shiga zai yi alkawari biyu. Ba zai ɗaure ƙafar 'yarsa ba. Ɗansa kuma ba zai auri mai ɗaurarriyar ƙafa ba. Da haka tsoron rashin miji ya ragu, domin iyaye sun san akwai gidajen da za su karɓi 'ya'yansu. A 1912 sabuwar gwamnati ta sake hanawa. Duk da haka a wasu ƙauyuka sai bayan 1949 abin ya mutu.

Kuskuren da jama'a suka taru suka riƙe, sai jama'a sun taru kafin su sake shi. Mutum ɗaya yakan ji tsoro, amma gida goma idan suka haɗa baki sukan iya.

LIKITOCI BIYU MASU GYARA

Wani tsohon kuskuren kuma na magani ne. An daɗe a ƙasar Sin ana cewa wanda ya sha haɗin da aka yi da zaiba zai yi tsawon rai. Zaiba kuwa guba ce. Sarakuna da dama na daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, sun mutu ta dalilin irin wannan haɗi. Wani ya mutu, na bayansa ya hau, shi ma ya sha.

Wani likita mai suna Li Shizhen, wanda aka haifa a 1518, ya ga kurakurai sun yi yawa a littattafan magani. Wani wuri an ba tsiro biyu suna ɗaya. Wani wuri an raba tsiro ɗaya gida biyu. Ya san irin wannan ruɗani yana iya kashe majiyyaci. Sai ya shiga daji da duwatsu da ƙafarsa. Ya tambayi manoma, da masunta, da maharba, da masu saran itace. Ya yi shekara 27 yana wannan aiki. Littafinsa ya ƙunshi magunguna 1,892. A ciki ya yi kashedi mai ƙarfi a kan shan zaiba don neman tsawon rai. An buga littafin a 1596, shekara 3 bayan rasuwarsa.

Likita na biyu shi ne Wang Qingren, wanda aka haifa a 1768. Ya lura cewa zanen kayan cikin mutum da ke tsofaffin littattafai yana saɓa wa juna. Masu rubutun ba su duba ba, kwafa kawai suke yi. A 1797 annoba ta kashe yara da yawa a wani gari da ya je. Talakawa ba su iya binne su da zurfi ba. Ya daure, ya yi kwana 10 yana zuwa maƙabarta yana duba gawarwakin da suka fito fili. Ya ci gaba da bincike shekara da shekaru. A 1830 ya fitar da littafi, ya sa masa suna mai ma'anar gyaran kurakuran likitoci. A ciki ya bayyana cewa tunani da riƙe abu a ƙwaƙwalwa suke, ba a zuciya ba kamar yadda aka saba faɗa.

Amma shi ma ya yi nasa kuskuren. Ya ga wasu manyan jijiyoyi babu jini a cikinsu, sai ya zaci iska ce take bi ta ciki. Bai san bayan mutuwa ne jinin yake barinsu ba. Likitocin da suka zo bayansa suka gyara. Wannan ya nuna cewa mai gyara ma ana gyara masa, kuma ba abin kunya ba ne.

BA DUK TSOHON ABU NE KUSKURE BA

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk abin da aka gada na banza ne. Wannan ma wani kuskuren ne. Ga hujja daga ƙasar Sin ɗin dai.

Wata masaniyar magunguna mai suna Tu Youyou ta shiga neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro a 1969. Ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafai. Suka gwada wani tsiro da Sinawa ke kira qinghao, amma sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba. Sai ta koma ga littafin wani malami mai suna Ge Hong, wanda ya rayu fiye da shekara 1,600 da suka wuce. Ta ga shi jiƙa tsiron ya ce a yi a matse ruwansa, bai ambaci dafawa ba. Nan ta gane cewa zafin wuta yana iya lalata ƙarfin maganin. Ta sake hanya, a 1971 gwaji ya yi kyau. Daga wannan aiki aka samu sinadarin da ke cikin manyan magungunan zazzaɓin cizon sauro da asibitoci suke bayarwa a Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashe. An ba ta babbar lambar yabo ta Nobel a 2015.

Zaiba tsohon magani ce, qinghao ma tsohon magani ne. Ɗaya ya kashe sarakuna, ɗaya ya ceci miliyoyin mutane. Shekarunsu ba su ne suka raba su ba. Gwaji ne ya raba su.

ABIN DA YA KAMATA A RIƘE

Idan mutum ya ji an ce ai haka aka saba, yana da kyau ya yi wa kansa tambayoyi huɗu.

1. Wa ya fara faɗin wannan magana? Gani ya yi, ko shi ma ji ya yi?
2. Ana iya komawa ga tushe a tambaya, kamar yadda sarkin Song ya aika gidan mai rijiya?
3. Akwai mutanen da ba sa yin wannan abu? Me ya same su?
4. Idan maganar kuskure ce, wa zai cutu?

Tambaya ta huɗu ita ce mafi nauyi. Idan abin na furucin kalma ne, babu gaggawa. Idan kuwa ya shafi lafiyar jariri, ko mai ciki, ko maganin da za a sha, ko takardar da za a sa wa hannu, to bai kamata a dogara da sabo kaɗai ba. A tambayi wanda ya sani, a karanta da ido, a sake karantawa. Matambayi ba ya ɓata.

Gyara kuma yana son ladabi. Wanda ya riƙe tsohon kuskure galibi ba mugu ba ne, abin da ya tarar ke nan. Uwayen da suka ɗaure ƙafar 'ya'yansu ba zagi ne ya sa suka daina ba. Sun daina ne da suka ga hujja, suka kuma ga maƙwabta sun daina.

SABABBIN KALMOMI

Sinawa: mutanen ƙasar Sin.
Daula: mulkin gidan sarauta guda na tsawon zamani.
Zaiba: wani ƙarfe mai gudu kamar ruwa, mai guba.
Kumbo: na'urar da ke kai mutum sararin samaniya.
Tushe: inda abu ya samo asali.

TAMBAYOYI

1. Mece ce ma'anar ji fei cheng shi?
2. Me maigidan Ding yake nufi da ya ce ya samu mutum guda?
3. Ta yaya ranar jihai ta koma aladu uku?
4. Waɗanne abubuwa uku ne suke sa kuskure ya girma?
5. Wace dabara aka yi don a daina ɗaure ƙafar 'yan mata?
6. Mene ne bambancin labarin zaiba da na qinghao?

AIKIN AJI

Kowane ɗalibi ya rubuta jimla uku a kan wata magana da ya taso yana ji, daga baya ya gano ba haka take ba. Ya faɗi yadda ya gano. A karanta a aji, a tattauna cikin natsuwa da girmama juna.